Martani Ga Mai Cewa A Zuba Wa Wake Yuriya: A Tono Saiwa A Gani

Ina neman fili a wannan shafi mai albarka domin in amsa wa ɗan'uwana da ya yi rubutu kwanakin baya a kan matsalar taki a ƙasar Zamfara. Na karanta rubutun a tsanake, kuma ban yi shakkar kishinsa ga manomi ba. Kukan da ya yi na tsadar taki, da yadda na gwamnati ke isowa bayan dawa ta riga ta yi ciki, da yadda buhunan ke maƙalewa a hannun masu hanya, kuka ne da kowane gida ya sani daga Faru zuwa Maradun, daga Bakura zuwa Talata Mafara. Da a nan ya tsaya, da sai dai in ce Allah ya saka masa da alheri.

Amma Malam mai rubutun bai tsaya nan ba. Ya ce zancen da malaman gona ke yi na wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa suna ciyar da wake da gyaɗa da waken suya, zancen 'yan boko ne da ba wanda ya taɓa gani da ido. Ya ce gudajin nan da ke manne a saiwar waɗannan shuke-shuke alamar cuta ce. Ya ce baƙin garin da ake cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka dabara ce ta cin kuɗin talaka. Mafita a wurinsa ita ce a wadata kowa da yuriya, ya zuba wa duk abin da ya shuka ba tare da bambanci ba. Sannan ya rufe da hujjar da ta fi sauran nauyi, cewa shekaru aru-aru muna shuka wake, in da gaske yana gyara ƙasa da gonakinmu ba su gaji ba. Shawarar nan ta zuba yuriya in manomi ya ɗauke ta, zai kashe kuɗinsa a inda ba a buƙata, kuma ya rage wa kansa amfani da hannunsa. Shi ya sa na ga shiru bai kamata ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na san inda zargin Malam ya samo asali, kuma ban raina shi ba. Mutanen wannan yanki sun ga abin da aka kawo musu daga waje da sunan ci gaba. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka tsara shayar da hekta 23,000. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyyarsu, aka amsa musu da bindiga a watan Afrilun 1980. Na'urorin feshin ruwa da aka shimfiɗa a mafi yawan filin suka lalace aka bar su. Wanda ya taso da wannan labari a kunnensa yana da dalilin ɗaga gira in an zo masa da sabon abu. Sai dai abin da muke magana a kai ba daga Italiya aka kawo shi ba, ba kuma kwangila ce ba. Yana nan cikin ƙasar gonar Malam tun kafin a haifi kakansa.

Batun cewa ba a gani da ido, ai duk matar da ta taɓa kwana da madara ta wayi gari da kindirmo ta ga aikin waɗannan ƙwayoyi, haka mai dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku ta buɗe ta tarar da daddawa. Bakteriya ne suka yi aikin, kuma ba wanda ya ce kindirmo zancen boko ne. Allah ya halicci abin da ido ke gani da wanda sai da madubin likita, wasu masu cutarwa, wasu masu amfani. Ilimin na saiwar wake ma ba na jiya ba ne. A 1886 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake na samun abincinsu daga iska ta hanyar gudajin saiwarsu. A 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ya ciro ƙwayar daga cikin gudajin ya raine ta a ɗakin gwaje-gwaje. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare an fara sayar wa manoman Jamus ita a kwalba. Masana'antar farko da ta haɗa sinadarin da ake yin yuriya da shi kuwa sai a 1913 ta fara aiki. Ashe in ana maganar sabo da tsoho, buhun yuriya ne ƙanin.

Ga yadda abin yake. Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, wanda dominsa muke sayen yuriya, sunansa naitirojin. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma a ɗaure yake, tsiro ba ya iya cinsa haka nan. Kamfanin Dangote da ke Lekki da na Indorama da ke Eleme sai sun ƙona iskar gas, sun yi amfani da zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani kafin su kwance shi su ɗura a buhu. Wasu bakteriya da masana ke kira rizobiya suna yin wannan aikin a cikin sanyin ƙasa ba wuta ba inji, amma sai sun sami masauki a saiwar dangin wake. Da iri ya tsiro, saiwa kan saki wani sinadari cikin ƙasa, wanda kira ne. Ƙwayar da ta dace da wannan tsiro takan amsa da nata sinadarin, wanda masanan birnin Tulus na Faransa suka gano siffarsa a 1990. Da jin amsar, sai siririn gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume ƙwayar, ya buɗe mata wata 'yar hanya zuwa ciki. A gyaɗa kuma ƙwayar kan bi ta tsagar da ƙananan saiwoyi ke fitowa. Daga nan naman saiwar ya yi ta rarrabuwa har ya zama guda, ƙwayoyin su hayayyafa a ciki. Cikin mako biyu zuwa uku da tsirowa ana fara ganin gudajin.

Abin da ke tsakanin tsiro da ƙwayar irin abin da ke tsakanin manomi da makiyayi ne a zamanin zaman lafiya. Da kaka makiyayi kan sauka a gonarka, shanunsa su ci kara, ka ba shi damin hatsi, ya tashi ya bar maka gona cike da taki. Haka tsiro ke aika wa ƙwayar zaƙin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, ita kuma ta biya shi da naitirojin. Manomin da aka riga aka jibge wa taki a gona ba zai ba makiyayi dami ba, kuma tsiro ma haka yake. Ciyar da ƙwayoyin na cin ƙarfinsa sosai, saboda haka in ya tarar da naitirojin a kwance a gindinsa sai ya daina kiran su. Gudajin su yi kaɗan, su yi ƙanana, waɗanda suka riga suka fito su rage aiki.

A nan ne shawarar Malam ke cutarwa. Ya ce ya ga waken da aka zuba wa yuriya ya yi kore ya yi yaɗo, kuma ban ƙaryata idonsa ba. Amma manomi ba don yaɗo kaɗai ya shuka wake ba. Lokacin da wake ya fi buƙatar naitirojin shi ne sa'ad da yake cika kwanso, kuma a jigawa irin tamu yuriyar da aka watsa tun farkon damina ba ta kaiwa wannan lokaci. Wani kaso ya tashi sama da zafin rana, wani ruwa ya wanke shi zuwa ƙasan da saiwa ba ta kaiwa. Sai tsiron ya iso lokacin cika 'ya'ya ba yuriya, ba kuma isassun gudajin da za su riƙe shi. Mu ma yi lissafi a fili. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Waken suya na buƙatar kimanin kilo 80 na naitirojin kafin ya ba da tan ɗaya na ƙwaya. Mai son tan ɗaya da rabi a hekta ke nan yana buƙatar kilo 120, wato fiye da buhu biyar, ko da a ce babu ƙwayar yuriya ɗaya da ta salwanta. Rabin wannan ko fiye gudajin saiwa ne ke samar da shi kyauta in an bar su sun yi aiki. Yaya za a ce wa mutumin da ke sayen taki da mudu ya je ya biya kuɗin abin da Allah ya ajiye masa a gindin shukarsa? Wannan yuriyar ai ta masara ce da shinkafa da dawa, waɗanda ba su da wannan baiwa.

Zancen cuta kuwa, Malam ya haɗa abu biyu masu kama da juna. Akwai wata 'yar tsutsa da ido ba ya gani da ke shiga saiwar tumatir da kuɓewa har da wake, ta sa ta kumbura. Masu lambu a fadamun Bakolori sun san ta. Rarrabe su ba wuya. Kumburin tsutsa jikin saiwar ne kansa ya kumbura, ba ya ɓallewa sai ka karya saiwar. Gudan alheri kuwa a gefe yake manne, da ka tura shi da babban yatsa zai faɗi. Ka tsaga shi da farce. In ka ga cikinsa ja ko ruwan hoda, yana bakin aiki. In fari ne, ko bai fara ba ko ƙwayar da ta shiga ba ta da kirki. In kore ne ko baƙi, ya gama zamaninsa. Wannan jan ba banza ba ne. Wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja, aikinsa shi ne riƙe iskar oksijin yana sakar wa ƙwayoyin daidai numfashinsu, domin in ta yi yawa takan lalata abin da suke kwance naitirojin da shi. Duk wannan manomi zai iya dubawa da fartanya da farce a lokacin da wakensa ya fara fure, kuma gani ya kori ji.

Mu zo kan baƙin garin da Malam ya kira yaudara. A nan akwai inda ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Wake ɗan asalin Afirka ne, haka gurjiya. Gyaɗa daga Kudancin Amurka ta zo, amma ta yi ɗaruruwan shekaru a nan, kuma tana shiri da ƙwayoyin da wake ke shiri da su. Saboda haka a mafi yawan gonakinmu ƙwayoyin wake da gyaɗa suna nan a cikin ƙasa, kuma sau da yawa ƙara musu na leda ba ya kawo bambancin a zo a gani. Wanda ya ce wa mai gyaɗa dole sai ya sayi gari kafin ta yi gudaji ya wuce gona da iri. Gaskiya ne kuma abin da ke cikin ledar mai rai ne. In ta kwana a rana a kan teburin kasuwa, ko wa'adinta ya wuce, gawa ka saya, kuma marasa tsoron Allah ba za su rasa ɗura baƙar ƙasa a leda su sayar ba. Amma jabun kaya bai taɓa zama hujjar cewa babu na gaskiya ba. Takin zamanin ma ai ana cakuɗa shi da yashi, kuma Malam bai ce a daina sayen taki ba.

Waken suya labarinsa daban. Asalinsa ƙasar Sin, kuma sai a farkon ƙarni na 20 ya shigo Nijeriya, ya fara kafuwa a ƙasar Tibi ta Binuwai kafin ya hauro Arewa. Ƙwayar da ya fi so ba ta da yawa a ƙasarmu, musamman a gonar da ba a taɓa shuka shi ba. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta bi matsalar ta hanya biyu. Ta fitar da ire-iren waken suya masu suna TGx, irin su TGx 1448-2E, waɗanda ke iya shiri da ƙwayoyin gida. Sannan ta kafa wurin haɗa garin ƙwayoyin mai suna NoduMax, wanda ƙunshi mai giram 100 ke isa kimanin kilo 10 na iri. Ba a ɗakin gwaji kaɗai aka gwada ba. Shirin N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019, ya gwada a ɗaruruwan gonakin talakawa a jihohin Kano da Kaduna a daminar 2011 da ta 2012. Inda ba a sa komai ba, hekta ta ba da ƙasa kaɗan da tan ɗaya. Inda aka sa garin kaɗai, an sami ƙarin kusan kilo 450. Inda aka sa takin supa kaɗai, ƙarin ya yi kusan haka. Inda aka haɗa biyun, ƙarin ya haura kilo 750. Wannan matsakaici ne, domin akwai gonakin da ba su amsa ba saboda ƙarancin ruwa ko mutuwar ƙasa, amma mafi yawa sun amsa, kuma kuɗin garin bai kai ko kusa da na buhun taki ɗaya ba.

In Malam na son shaida mafi girma, ya dubi Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken suya a duniya. Tun a shekarun 1960 wata masaniya mai suna Johanna Döbereiner ta dage cewa a gina noman waken suyar ƙasar a kan waɗannan ƙwayoyi maimakon takin naitirojin, aka kuma bi shawararta. A yau miliyoyin hektoci ake nomawa can ba tare da yuriya ba, ƙasar na tsimin biliyoyin daloli kowace shekara. A 2025 aka ba Mariangela Hungria ta hukumar Embrapa babbar lambar yabo ta duniya kan samar da abinci saboda ci gaba da wannan aiki. Waɗannan manoma ne masu jiragen feshi da manyan injuna, ba kuɗin yuriya suka rasa ba. Lissafi suka yi.

Aikin Hungria ya ƙara fito da wani abu da ya shafe mu, wato rizobiya ba su kaɗai ke hidimar ba. Akwai wasu bakteriya da ke zaune a kewayen saiwa ba tare da sun shiga ciki ba. Wani jinsi mai suna Azospirillum kan saki sinadarin da ke sa saiwa ta yi rassa da gashi da yawa, kuma yawan gashi yawan ƙofofin da rizobiya za su shiga ne, shi ya sa a Burazil ake haɗa su biyun a jikin iri ɗaya. Wasu kuma, ciki har da dangin Bacillus waɗanda 'yan'uwansu ke nunar da daddawa, sukan narkar da fosfaros da ya daskare a ƙasa har saiwa ta iya sha, wasu su tare ƙwayoyin cuta. Dukkansu abincinsu ruɓaɓɓen ganye ne da kashin dabba. Gonar da ake ƙone wa tattaka duk shekara, a share ta fes, rana ta gasa ta tun daga kaka har bazara, ƙwayoyinta raguwa suke yi. Wannan ne asirin takin gida da ba a rubuta a jikin kowane buhu ba.

Yanzu ga babbar hujjar Malam, cewa me ya sa ƙasarmu ta gaji alhali muna shuka wake. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana gonakinmu. Mu dubi yadda muke shuka waken, ana jefa shi jefi-jefi a tsakanin gero ko dawa, inuwa ta rufe shi, ɗan abin da zai tara ba shi da yawa. Da kaka mu roro waken mu kai kasuwa, kuma mafi yawan naitirojin ɗin da tsiron ya tara a cikin ƙwayar yake, shi ya sa wake ke gina jiki. Sannan mu tuge harawar har da saiwa, mu naɗe ta mu ɗora a reshen itace ko rufin ɗaki, mu sayar da ita da bazara ga masu kiwon ragunan layya a birni. Me aka bar wa gonar? A da harawar nan dabbobin gida ke ci, kashinsu ya koma gona a mangala. A da ana barin gona ta huta. A da garken shanu na kwana a gona da rani. Yawan jama'a ya hana hutun gona, rashin tsaro ya raba manomi da makiyayi, ya kuma matse mutanen Maradun da Faru suna nanata 'yan gonakin bakin gari shekara da shekaru. Gawo ma, wanda shi kansa dangin wake ne mai gudaji, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya yi kyau a gindinsa, gatari ya cinye shi. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980 suka koma rainon kututturan itatuwa a gonakinsu, har suka farfaɗo da miliyoyin hektoci. Ba wake ne ya gaza ba, mu ne muke kwashe abin da ya tara ba mu mayar da komai.

Akwai kuma yunwar da Malam bai ambata ko sau ɗaya ba, wato ta fosfaros. Ƙasar jigawar Arewa matalauciya ce a wannan sinadari, kuma gudaji ba sa girma ba sa aiki sai da shi. Ba a samun sa a iska, kuma babu ɗigonsa a buhun yuriya. Yana cikin supa, yana cikin kamfa, yana cikin takin gida. Dattawan da suka yi noman gyaɗa a zamanin dalar gyaɗa ta Kano, kafin cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da shi, supa suka sani a matsayin takin gyaɗa. A Kaduna aka kafa masana'antarsa, kuma a ƙasar Sakkwato akwai duwatsun fosfet a kwance. Yau manomi zai zagaye shaguna da yawa yana ganin yuriya da kamfa kafin ya ga supa. In da Malam ya ɗaga murya kan wannan, da ni ne na farkon mara masa baya. Iyakar inda zan yarda da naitirojin ga wake shi ne gonar da ta mutu murus, a sa ɗan kamfa kaɗan lokacin shuka don tsiron ya miƙe kafin gudaji su kama aiki. Wannan ɗanɗano ne, ba buhu-buhu ba.

Abin da ya kamata mu nema a wurin gwamnati ke nan ya fi raba yuriya faɗi. A sa supa cikin takin da ake rabawa, a kawo shi kafin ruwan shuka. A samar da garin ƙwayoyin waken suya na gaskiya a garuruwa irin Talata Mafara, a wurin ajiya mai sanyi, da kwanan wata a jiki, a kuma hukunta masu jabu. Ya kamata kwalejin aikin gona da ke Bakura ta buɗe gonakin gwaji a bakin hanya inda mai wucewa zai gani, ta haɗa kai da cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, mai fitar da ire-iren SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa. A filin Bakolori, inda ake bin shinkafa da shinkafa, a ƙarfafa sa wake ko waken suya a tsakani. Manomi kuma ya juya shuka, bana waken suya ko gyaɗa, baɗi masara ko dawa, domin hatsin da ya biyo baya na morar abin da saiwa da ganye suka bari, kuma waken suya na sa irin ƙuduji ya tsiro ya mutu don bai sami saiwar da zai kama ba. A yanke harawa a bar saiwa a ƙasa. Mai amfani da garin ya jiƙa irin da ɗan ruwan ƙaro, ya cuɗa a inuwa, ya bari ya sha iska kaɗan, ya shuka a ranar cikin ƙasa mai laima.

Malam, alƙalaminka na da masu saurare, kuma mutumin da ya sayar da akuya ya sayi taki ba shi da halin yin kuskure. Ina roƙonka da girman Allah kada ka ɗauki maganata don na faɗa. Damina mai zuwa ka ware kunya goma sha biyu a gona ɗaya, ka shuka waken suya iri ɗaya a rana ɗaya. Huɗu ka zuba musu yuriya yadda ka ba da shawara, huɗu ka sa supa da garin ƙwayoyi mai rai, huɗu ka bar su haka. Da sun fara fure ka kira maƙwabta a tono gindi uku-uku daga kowane kashi, a ƙirga gudaji, a tsaga a duba launi. Da kaka a auna abin da kowane kashi ya bayar, a cire kuɗin da aka kashe masa. Duk abin da mudu ya nuna ka rubuto shi a wannan shafi, manoman Zamfara su karanta su yi hukunci da kansu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiyar da za mu koma gonakinmu na nesa.